Santin da Na Yi a Zarkandu

Da sunan Allah nake farawa, Mai saukar da ruwa inda Ya so, Mai fitar da zangarniya daga ƙwaya guda, Mai jin abin da baki ya faɗa da abin da ya haɗiye. Bayan haka, ni ne Tanimu ɗan Jatau, mutumin Rafin Gora. Shekara hamsin da ɗoriya ke nan ba wanda ya ji na ce uffan da loma a bakina. Wasu na cewa tsoron Allah ne, wasu na cewa rowa ce, wai don kada hira ta ja wani ya sa mini hannu a akushi. Duka ba haka ba ne. Yanzu da ƙarfina ya ƙare, na ga gara in faɗi dalilin da kaina kafin a binne ni da shi.

A ƙuruciyata ni mutum ne mai baki, kuma duk Rafin Gora babu wanda ya kai ni santi. In tuwo ya yi daɗi sai in yi wa miya kirari, in tambayi lafiyar kakar mai girkin, wadda ta rasu tun ban zo duniya ba. Mutane su yi ta dariya, ni kuma ina jin daɗin dariyar tasu fiye da tuwon.

Sai aka yi shekara uku a jere damina tana yi mana gajeren zama. Ruwa ya sauka, mu yi shuka, gero ya fara ɗaukar ciki, sai sama ta ɗauke. A shekara ta uku muka ci irin shuka, muka koma tafasa da rama. A lokacin ne wani bafatake ya ba ni labarin ƙasar Zarkandu, can gabas bayan Tekun Toka, inda ake da wani gero mai suna ɗan arba'in, wanda daga shuka zuwa yanka kwana arba'in ne cif. Na ce in dai akwai shi a bayan ƙasa, ni zan kawo shi. Na ɗauki sandata ta gora da burgamina, na yi sallama da mahaifiyata, na kama hanya.

Wata bakwai na yi ina tafiya. Na ƙetare Tekun Toka, inda ƙafa ke nutsewa har gwiwa, da faifai biyu ɗaure a tafin ƙafafuna. Na haye kogin Komau, wanda da safe yake gudu gabas, da yamma ya juyo yamma, sai da tsakar rana yake tsayawa cik a samu a wuce. A Dajin Kunnuwa wasu kuraye masu magana irin ta mutane suka kewaye ni, suna gardamar wadda za ta fara da cinya. Na roƙe su su bari in ba su labari ɗaya tak. Na fara tun hantsi, in labari ya kusa ƙarewa in ɗaura masa wani, har la'asar sakaliya ta yi, suka yi ta hamma suna ɓingirewa ɗaya bayan ɗaya. Na tsallake ta ƙarshensu na yi gaba.

Daga nan na iso Dutsen Ajiya, wani mashigi ne matsattse tsakanin duwatsu biyu. Duk abin da matafiyi ya faɗa a cikinsa dutsen zai riƙe, ba ya mayar da amsa sai ranar da mai maganar ya dawo ta wurin. Mutanen kirki addu'a suke bari. Ni kuwa kaina ya kumbura da abin da na yi wa kuraye, sai na ɗaga murya na ce, “Ni ne Tanimu ɗan Jatau, wanda bakinsa bai taɓa kayar da shi ba.” Dutse ya haɗiye, na wuce ina murmushi.

Kwana tara bayan haka na hango ganuwar Zarkandu, da wani rumbu a tsakiyar birnin wanda tsawonsa ya ninka ganuwar sau uku. Gonakin bayan gari kuwa shar suke, amma mutanen da ke noman su ƙafafunsu kamar sillen kara. Ban gane ba sai daga baya. Mai mulkin ƙasar, wanda ba a kiran sunansa sai dai a ce Mai Rumbu, shekara goma sha ɗaya yana yaƙi da maƙwabtansa. Ya yi doka cewa duk ƙwayar hatsin da ta fito a ƙasar tasa ce, a kai ta rumbu ɗaya a ciyar da mayaƙa. Talaka kuwa ya je bakin rumbu kullum da ƙwaryarsa, a zuba masa ludayi biyu na kunun dusa, ya yi godiya da ƙarfi.

A ƙofar gari wani dogari ya tare ni ya tambayi abin da ke tafe da ni. Kwana biyu rabona da abinci, sai na ce masa kafin komai a taimake ni da abin taɓawa, yunwa nake ji. Dogarin ya ɗaga kulki, wasu biyu suka taso. Sai wata tsohuwa da ke wucewa da tulu a kai ta ajiye shi, ta zo ta dungure mini ƙeya.

“Ranka ya daɗe, ɗan ƙanena ne, daga ƙauye yake, harshensa a naɗe yake tun yana yaro,” in ji ta. “Cewa ya yi 'yan'uwa yake nema. Ga ni kuwa, ni ce gwaggonsa.”

Dogarin ya dube ni ya dube ta, ya sauke kulkin. Ta ja ni muka shige, sai da muka yi nisa ta gaya mini cewa a Zarkandu an hana faɗin kalmar nan da na faɗa, wanda duk ya furta ta bulala tamanin ne, in ya maimaita a yanke harshen. Gaisuwar gari ma an sauya ta, in an ce maka “Ina ƙoshi?” sai ka ce “Ƙoshi lau.” Mutane kuwa sun samo hanyarsu. In ciki ya matsa wa mutum, sai ya ce wa maƙwabcinsa 'yan'uwa sun sauka a gidansa, maƙwabcin ya gane. Sunan tsohuwar Yalwa, sana'arta kitso, kuma tun daga ranar nake kiran ta Gwaggo.

Wata biyu na zauna a zaurenta, na ga abin da ban taɓa gani ba. An kwashe turame daga gidaje don kada a ji daka. Akwai masu duban hayaƙi a kan ganuwa, akwai 'yan sansana da ke tare mutum a hanya su shinshina hannunsa da bakinsa. Ana kwana a tashi a ga gida a rufe, ba mai tambayar ina mutanensa suka tafi. Na ga uwa tana tafasa tsohon takalmin fata, tana ce wa 'ya'yanta nama ne bai nuna ba tukuna.

Duk da haka mutanen nan ba su miƙa wuya gaba ɗaya ba. Kullum da azahar ana kaɗa tambura goma sha biyu don yabon Mai Rumbu, to a lokacin ne mata ke daka a cikin ramukan da suka haƙa a ƙarƙashin gado, taɓarya na sauka daidai da bugun tambari. Girki kuwa a maƙerar wani mutum mai suna Jibo ake yi, don maƙera ce kaɗai aka yarda hayaƙi ya tashi a cikinta, tunda a nan ake ƙera wa mayaƙa masu da kibau. In an ci an gama, a goge hannu da baki da ɗanyen ganyen ɗoɗɗoya da toka.

Da Gwaggo ta yarda da ni, na gaya mata abin da ya fito da ni daga garinmu. Sai ta kama hannuna ta ɗora a kan kitsonta. Na ji wasu ƙananan ƙwayoyi a cikin kowane layi. Ta ce ɗan arba'in ke nan, kuma shi ne abin da Mai Rumbu ya fi tsana a duniya, don masu zagayen gonakinsa sai bayan kwana sittin suke komowa wuri, shi kuwa wannan kafin su dawo an shuka an yanke an share wurin. Wanda ke da shi ba ya bukatar bakin rumbu. An ƙone shi a ko'ina, abin da ya rage shi ne wanda ta kitse a kan mata arba'in, ita ce ta arba'in ɗin. A tsakanin kaburbura suke shuka shi, cikin dogayen ciyayi, kuma ita kaɗai ta san sunayen matan duka.

Na roƙe ta ko cikin tafin hannu ne ta ba ni. Ta ce, “Ɗan nan, ba hannunka nake tsoro ba, bakinka nake tsoro.”

Ran wata Juma'a aka yi tuwon ɗan arba'in a maƙera, Gwaggo ce ta tuƙa, da miyar kuka da wata daddawa da ta ɓoye tun kafin yaƙi. Malmala ɗaya aka raba mana mu shida. Ina kai loma ta biyu na fara tambayar Jibo ko uwar maƙerarsa, ƙarfen nan da yake dukan ƙira a kai, tana da aure. Kowa ya ƙyalƙyale da dariya a ciki-ciki, har Gwaggo tana share hawaye. Amma da muka koma gida ta zaunar da ni ta ba ni labarin Gidan Santi. Ta ce a can ba a dukan kowa. A kulle mutum kwana huɗu ba ci, a rana ta biyar a ajiye masa abincin da bai taɓa gani ba, wani babban bawan Mai Rumbu da ake kira Wakilin Ciki ya zauna gefe yana saurare. Ta ce jarumawan da wuta ba ta buɗe bakinsu ba, man shanu ya buɗe.

Kashegari ta karɓi sandata, ta ce gindinta ya tsage, bari Jibo ya sa mata ƙarfe. Ran Lahadi ta ce mini sanda ta gyaru, in biya maƙera in ɗauka in bar garin a ranar, don an fara kamen baƙi. Na tambaye ta iri fa, ta ce in tafi dai, Allah Yana sane da mutanen garinmu. Raina ya ɓaci, na ga wata bakwai na tafiya za su tashi a banza. Kuma, tunda na yi alkawarin faɗin gaskiya, na ji Jibo yana cewa Juma'a mai zuwa za a sake tuwo. Na ce mata ƙafata na ciwo, ba zan tafi ba sai ta warke. Ran Talata aka kama ni a bakin rumbu da ƙwaryata a hannu.

Kwana huɗun nan ba zan iya kwatanta su ba. Ruwa kaɗai ake turo mini, kuma ɗakin yana jikin madafa, duk abin da ake soyawa a hancina yake ƙarewa. Na yi wa kaina dabara, na ce tunda na san ba zan iya shiru ba, in santi ya zo zan kora shi Rafin Gora, in yi ta zancen garinmu har a gaji da ni kamar yadda kuraye suka gaji.

A rana ta biyar da hantsi aka kai ni wani ɗaki mai shimfiɗa. Wakilin Ciki ɗan siririn mutum ne mai sanyin murya, ya ba ni haƙuri, ya ce kuskure aka yi, baƙo ba abin wulaƙantawa ba ne. Aka kawo tuwon shinkafa da miyar taushe, man shanu na kwance a kai, ga naman rago har ya saki ƙashi. Na ci, na fara zuba. Na ba shi labarin akuyar mahaifiyata, da rijiyar garinmu, da yadda aka yi wa wana kaciya. Yana dariya yana ƙara mini nama, bai tambaye ni komai ba. Na ji a raina na ci nasara, jikina ya saki. Can sai ya ce, kamar mai magana da kansa, shi dai ya san a duk faɗin Zarkandu babu hannun da ya kai na mai dafa masa abinci.

Na ce, “Wallahi ta iya, ranka ya daɗe. Amma daddawarta ba ta kai ta Gwaggo Yalwa ba.”

Loma na hannuna lokacin da na ji abin da na faɗa. Wakilin Ciki bai ko ɗaga kai ba. Ya tura mini akushin gabana, ya ce in cinye, kada ya huce.

Kashegari aka fito da ni kasuwa, aka ɗora mini buhun gero a kai, mai shela na gaba yana cewa ga ladan mai gaskiya. A tsakiyar kasuwa na ga Gwaggo a zaune a ƙasa, wanzami na tsaye a kanta. Aka aske kitson nan layi-layi, ƙwayoyin suna zuba, aka sako kajin Wakili suka tsince su a gaban mutanen da rabonsu da hatsi tun bara. Aka tambaye ta sauran masu irin, ta ce ita kaɗai ce. Da za a wuce da ita ta gabana na so ƙasa ta tsage in shige. Ta tsaya ta dube ni, babu fushi a fuskarta, abin da ya fi ci mini rai ke nan har yau.

“Ɗan ƙanena, ka gaida 'yan'uwa,” in ji ta. “Ka riƙe sandarka da kyau, hanyar da santsi.”

Ban san inda zan nufa ba sai maƙera. Jibo ya sauke buhun daga kaina, ya ce hatsi ba shi da laifi, ya raba shi gida-gida a cikin buhunan gawayi. Ni kuwa ya nuna mini bayan zugazugi, ya ce in zauna a nan, bai ƙara yi mini magana ba. Labari yana zuwa daga bakin masu wanke-wanken Gidan Santi. An kulle ta kwana huɗu, an ajiye mata akushi a rana ta biyar, ta dube shi ta ce ƙoshi lau. Kullum a sauya mata wani girkin, kullum amsarta ke nan. Matan nan talatin da tara suna ta harkarsu a gari da ɗankwali a kai, ba a taɓa ko ɗaya ba. A rana ta goma sha ɗaya Gwaggo ta rasu, akushi cike a gabanta.

Da aka ba da gawarta, Jibo ya shimfiɗa ni a ƙasan makara, aka ɗora ta a kaina aka rufe da tabarma. Masu gadin ƙofa ba sa leƙa makara, don sun gaji da ganin ta. Haka Gwaggo ta fitar da ni daga Zarkandu kamar yadda ta shigar da ni, kuma ba ta fi nauyin ɗaurin kara ba. Bayan an rufe ta, Jibo ya miƙo mini sandata. Na ce ya yafe mini. Ya ce ba shi na yi wa ba, kuma in don ta shi ne da ya bar ni a hannun mutanen gari, ita ce ta bar masa wasiyya tun ran Lahadi cewa ko me ya faru a tabbata na fita da sandata.

Na kama hanya ba na gane gabas da yamma. A rana ta tara na shiga mashigin Dutsen Ajiya, na ma manta da abin da na bari a ciki. Ina kaiwa tsakiya sai muryata ta fito daga dutse, garau, cike da fara'a: “Ni ne Tanimu ɗan Jatau, wanda bakinsa bai taɓa kayar da shi ba.” Ta bugi wannan gefe ta koma wancan, har sau bakwai. Na ɗaga sandar na yi ta dukan dutsen ina kuka, har gorar ta tsage daga gindi, ƙarfen ya fita. Sai ga gero yana zubowa a kan ƙafafuna.

Gaɓa uku na gorar an huda su an cika da ɗan arba'in. Na ji nauyin sandar tun a maƙabarta, na ɗauka ƙarfen ne. Ashe tun ran Lahadin da ta ce in tafi ta riga ta ba ni abin da na zo nema, ta ɓoye mini ne don ta san bakina. Da na ɗauki sandata na fita a ranar, da na iso gida da iri, ita kuma tana nan tana kitsonta. Na durƙusa na tsince ƙwayoyin nan ɗaya-ɗaya har rana ta yi sanyi, ban bar ko guda ba.

Na iso Rafin Gora na tarar mahaifiyata ta rasu, rabin gari ya watse. Na shuka irin a bayan gidanmu da ruwan farko, a kwana na arba'in na yanka. Shekara uku ban bari an ci ba sai da kowane gida ya samu na shuka. Yau daga nan har bakin Tekun Toka shi ake nomawa, kuma tun daga lokacin gajeriyar damina ba ta sake kashe mana kowa ba. Sau huɗu ina ba fatake iri su kai Zarkandu, ba wanda ya dawo mini da labari. Ban sani ba ko rumbun nan yana tsaye, ko matan nan sun ga ranar da suka kwance kitsonsu a fili. Ni dai ban koma ba, kuma tsoro ne ya hana ni, ba tsufa ba.

Da mutanen garinmu suka so su sa wa geron suna ɗan Tanimu, na hana, na ce a kira shi Yalwa. Suka ce sunan ya dace, ai kuwa ya kawo yalwa, ni kuma ban gyara musu ba sai yau. Wannan shi ne labarina, Allah Ya ji ƙan wadda ta ciyar da ni, Ya sa abin da ta ƙi ci ya zama abincinta a Aljanna. Matar jikana ta iya daddawa ƙwarai, kullum in ta kawo mini tuwo takan tsaya daga bakin ƙofa ko zan ce wani abu. Nakan jira sai na wanke hannu, an ɗauke akushi, sannan in ce mata an gode.